Ɗan Ƙarfen Da Ke Ɓata Hoton Ƙwaƙwalwa

Malaman Maska da fatakenta, ga wata mas'ala ta likitanci da ta cancanci a tsaya a kanta, gama yanzu akwai mutanenmu da akan kai Zariya ko Kano ko Sakkwato, wasu har Masar da Indiya, a yi musu aiki a ka, su komo gida da ɗan ƙarfe cikin ƙwaƙwalwa.

Asalin abin, jijiyar jini ta cikin kai takan yi rauni a wuri guda, ta kumbura kamar salkar da fatarta ta sirance a gefe. Masu bincike sun ce kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da irin wannan kumburi, galibinsu kuwa har su tsufa ba su sani ba. Hawan jini da shan taba suna ƙara masa haɗari. Ran da ya fashe, sai ciwon kai ya sari mutum farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba.

Hanya biyu ake toshe shi. A 1937 wani likita, Walter Dandy, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya buɗe ƙoƙon kai, ya matse wuyan kumburin da ɗan hantsaki na azurfa, ya bar shi a ciki. Hantsakan yau na titaniyam ne, ko na gamin kobalt. A 1990 kuma Guido Guglielmi, mutumin Italiya, yana aiki a Kalifoniya, ya fito da hanyar da ba a fasa kai, watau a zura siririn bututu ta jijiyar cinya har ƙwaƙwalwa, a cusa waya ta filatinam mai kamar gashi, ta nannaɗe cikin kumburin kamar curin zare, jini ya daskare a kanta.

To, an toshe, amma ba a gama ba. Cikin kwanakin da ke biye likita yana son ya ga ko wani jini ya sake zuba, ko ruwa ya taru, ko jijiyoyin maƙwabta sun tsuke. Bayan watanni kuma curin wayar nan yakan danƙare, jini ya sake samun kafar shiga. Abin dubawa mafi sauri shi ne na'urar siti, wadda Godfrey Hounsfield ya fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971. Tana zagaya kai, tana harba hasken nan na hoton ƙashi ta fuskoki ɗaruruwa, tana auna abin da ya ratsa ya fita, sa'an nan kwamfuta ta yi lissafi ta fitar da kai yanka yanka.

Nan ƙarfe yake shigo da rigima. Tsoka da ƙashi suna rage hasken nan, filatinam kuwa kusan haɗiye shi yake yi duka. 'Yan kasuwa za su gane da awo: titaniyam ya ninka ruwa nauyi sau 4 da rabi, filatinam sau 21, har ya ɗara zinariya. Kowace fuska da hasken ya bi ta kan ƙarfen, lissafinta ya ɓaci, sai hoto ya fito da layuka farare da baƙaƙe suna tashi daga wurin kamar tsirkiyar rana. Abin takaici, inda suka fi rufewa nan ne ainihin inda ake son gani. Hantsakin titaniyam ɓarnarsa kaɗan ce, na kobalt ya fi shi, curin filatinam ya fi duka.

Akwai dabaru na hannu, kamar a karkatar da kan majinyaci don layukan su kauce wa wurin da ake nema, ko a ƙara wa hasken ƙarfi. Wasu na'urori kuma suna harba haske iri biyu a haɗa. Amma babbar dabarar ta lissafi ce, kuma malamai sun riga likitoci saninta. Mai kwafar littafi yakan tarar gara ta ci rabin layi, sai ya dubi abin da ya gabata da abin da ya biyo, ya cike gurbin da ƙiyasi. Haka Willi Kalender na Jamus da abokansa suka bayyana a 1987: a gane inda ƙarfe ya ɓata awo, a share, a cike daga awon gefe da gefe. A 2010 aka kyautata ta, yanzu kowane babban kamfani yana da tasa, Siemens suna ce wa tasu iMAR, Philips O-MAR, Canon SEMAR. Layukan sukan ragu ƙwarai, ƙwaƙwalwar da ke kewaye ta bayyana.

Amma fa ƙiyasi ba nassi ba ne. Kwamfuta takan cike gurbi da abin da babu shi: ta sirantar da jijiya lafiyayya, ko ta shafe ɗan ragowar kumburi da ke manne da ƙarfen, ko ta haifi wata inuwa a nesa. Hoton da aka gyara ya fi daɗin kallo, shi ya sa ma ya fi saurin ruɗar mutum. Don haka ƙwararrun masu karanta hoto suke ajiye na asali da gyararre gefe da gefe, kamar yadda malamin kirki ba ya yar da tsohon kundi don ya sami sabon kwafi. A ganina ba rashin ladabi ba ne ɗan'uwan majinyaci ya tambaya ko an duba duka biyun.

Inda shakka ta saura, akwai wasu ƙofofi. Mai curin filatinam galibi da na'urar maganaɗisu, watau em-ar-ai, ake bin sawunsa, gama filatinam bai cika damunta ba. In ita ma ba ta warware ba, sai a sake zura bututu a zuba ruwan rini cikin jijiya, wannan shi ne shaidar da ta fi ƙarfi. Sai dai a kula: wasu tsofaffin hantsaka maganaɗisu yana jan su. A 1993 likitocin Amurka suka buga labarin wata tsohuwa da hantsakinta ya motsa cikin na'urar, jijiya ta yage, ta rasu.

Saboda haka wanda aka yi wa aikin nan, musamman a ƙasar waje, kada ya baro asibiti sai da takarda mai faɗin sunan ƙarfen, da kamfanin da ya ƙera shi, da ranar da aka sa, da faifan hotunansa na farko. Likitan da zai duba shi a Shika, kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya, ko a asibitin Malam Aminu Kano, bai ga aikin da idonsa ba, da takardar nan zai san na'urar da za a shiga da wadda za a guje wa. A yi mata kwafi biyu, ɗaya a gafaka, ɗaya a hannun wanda ke raka shi asibiti.