Gyaran Cibiyar Ƙafar Keke Idan Ta Fara Ƙara

Cibiyar ƙafar keke, wadda masu gyara ke kira hob, ita ce bututun ƙarfen nan da ke tsakiyar ƙafa, inda dukkan wayoyin da ke riƙe da rim suke haɗuwa. A cikinta akwai sandar ƙarfe mai zare, wato aksul, wadda ake ɗaurewa a jikin keke da noti, ba ta juyawa. Cibiyar ce ke kewaya ta, bisa ƙwayoyin boris. A kowane gefe, boris ɗin na zaune ne tsakanin abubuwa biyu: kofi, wanda aka dasa a jikin cibiyar, da kuma kon, wani noti mai tsukakken baki da ake murzawa a kan aksul har ya taɓa ƙwayoyin. Bayan kon akwai washa, sai notin kulle da ke hana kon motsi. Haka aka ƙera yawancin kekunan da ake hawa a ƙasar Hausa, irin su Raleigh da Phoenix da Hero.

Ba kowace ƙara ce ke fitowa daga cibiya ba, don haka sai an tabbatar kafin a kwance komai. Waya da ta saki takan yi ƙas-ƙas, birki yakan goga rim, busasshiyar sarƙa ma tana da nata kukan. Ana ɗaga ƙafar a juya ta, a dafa ƙarfen da ke riƙe da ita. Idan boris ya lalace, hannu zai ji gurzar tun kafin kunne ya ji. Daga nan sai a kama taya a girgiza ta hagu da dama. In tana kaɗawa, kon ya saki. In kuma an cire ƙafar, aka murza aksul da yatsu aka ji yana cijewa kamar akwai tsakuwa a ciki, to ko dai an matse kon fiye da kima, ko giris ya bushe, ko ƙarfe ya ci.

Ƙura da ruwa su ne manyan masu ɓarna. Ƙurar hunturu tana shiga ta cakuɗe da giris ta zama abin gurza ƙarfe, ruwan damina kuma ya wanke abin da ya rage ya bar tsatsa. Lodi mai nauyi a kan kariya, kamar jarkokin ruwa ko buhun hatsi, yakan lanƙwasa aksul ɗin baya.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana ta noti, tsumma, kananzir, giris, sababbin boris, da siririyar sifana ta musamman da ke iya shiga bakin kon, domin sifanar yau da kullum ta yi masa kauri. A mafi yawan kekuna, kon ɗin gaba na ɗaukar milimita 13, na baya 15, notin kulle kuma 17.

Gefe ɗaya kawai ake kwancewa, kuma na hagu ne. Ana riƙe kon da siririyar sifana, a warware notin kulle, a zare washa da kon, a jera su bi da bi yadda suka fito. Kafin a zare aksul sai a shimfiɗa tsumma ko a tara faranti, don ƙwayar da ta faɗa cikin rairayi ta tafi ke nan. A ƙirga ƙwayoyin tun a nan. Galibi ƙafar baya tana da guda 9 a kowane gefe, masu kaurin rubu'in inci, ta gaba kuma guda 10 masu kaurin 3/16 na inci, amma abin da aka tarar a ciki shi ne abin bi. Ɗan giɓin da ake gani bayan an jera su ba alamar rashin ɗaya ba ne. Cusa ƙari yana sa su cije.

Bayan an wanke komai da kananzir an goge, sai dubawa. Lafiyayyen kon yana da siririn layi mai sheƙi inda boris ke bi, sumul ba tangarɗa. Idan aka bi layin da bakin biro aka ji yana sarƙewa, akwai ramuka, sai a sake kon. Ana mirgina aksul a kan gilashi ko tebur mai fuska sumul; in ya lanƙwashe zai riƙa ɗingishi, kuma miƙe shi da guduma aikin banza ne, domin zai koma ko ya karye. Kofi ne abin fargaba. Tunda a dashe yake, in ya rarake sau da yawa sai dai a sayi sabuwar cibiya a sake ɗaura wayoyi. Shi ya sa sakaci da ƙaramar ƙara yake da tsada: boris da kon kuɗinsu kaɗan ne, amma in aka bar su suna gurza, kofin suke ci. Boris kuwa gaba ɗaya ake sauya su, ba a gauraya tsoho da sabo, saboda sababbin sun ɗan fi kauri, su kaɗai za su ɗauki nauyin.

Wajen mayarwa, a shafa giris sosai a cikin kofi, a dasa ƙwayoyin a ciki, shi zai riƙe su. Baƙin man inji da wasu ke ɗurawa yana kashe ƙara na 'yan kwanaki ne kawai, sannan yana ɗauke da garin ƙarfe. A tabbatar kon da notin gefen dama a ƙulle suke tam, domin juyawar ƙafa na iya jan kon ɗin dama ya matse kansa in ya saki. Saboda wannan dalili ne tsofaffin Raleigh, waɗanda cibiyarsu ta gaba ba ta da notin kulle, ake sa kon mai saiti a hagu.

Saiti shi ne inda gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ana murza kon da yatsu har ya taɓa boris, a ɗan mayar da shi baya, a riƙe shi da sifana, sannan a ɗaure notin kulle a kansa. Ɗaure notin yakan tura kon ciki kaɗan, don haka da wuya a dace a karo na farko. A kwance a sake har sai aksul yana juyawa sumul kuma ba ya kaɗawa. Kekunan da ake ɗaure ƙafarsu da ɗan hannun maƙalewa maimakon noti, ana bar musu ɗan kaɗawa ƙalilan, domin rufe hannun yana matse aksul ya cinye ta. Idan an mayar da ƙafa aka ɗaga ta, nauyin bawul kaɗai yakan isa ya juyo da ita a hankali in saitin ya yi.

Wasu kekunan zamani suna da boris rufaffe, mai zuwa cikin zobensa, wanda ba a yi masa saiti. In ya fara ƙara, ana fitar da shi ne a sa sabo mai lamba ɗaya da wadda ke rubuce a gefensa, kamar 6000 ko 6001. Wajen shigar da shi, a kan zoben waje ake dannawa, domin bugun zoben ciki yana lotsa hanyar ƙwayoyin tun kafin a hau keken.