Iska ko Ruwa? Sanyaya Kwamfuresa da Maganar Tsatsa

Idan ka taɓa tsayawa wurin mai faci ka ga ya kwance ɗan noti a gindin tankin kwamfuresarsa, wani jan ruwa ya tsiyayo, to ka ga abin da ke cin manyan masana'antu a Sharaɗa da Bompai. Ba wanda ya zuba ruwan nan. Daga cikin iska ya fito, jan kuwa tsatsa ce.

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da laima. A zafin digiri 35, kubik mita ɗaya na iska kan iya riƙe kusan giram 40 na ruwa. Kwamfuresar da ke aiki a matsin bar 7 kuwa takan cusa kubik mita takwas a mazaunin ɗaya. Muddin iskar na da zafi, ruwan na ɓoye. Tana hucewa sai ya sauka kamar raɓa. Abin tambaya shi ne: a ina zai sauka? A wurin da aka tanadar masa mafita, ko a cikin bututu da tanki?

Don ya sauka inda ake so, sai a sanyaya iskar tun kafin ta shiga tanki. Hanyar farko ita ce sanyayawa da iska, wato fanka da lagireto irin na mota. A ganina ita ta fi dacewa da yawancin masana'antun Arewa, don ba ta kawo wani ruwa daga waje. Sai dai ƙurar hunturu na toshe lagireton, zafin bazara kuma na rage masa ƙarfi, don haka dole a riƙa hure shi, a kuma bar wa ɗakin inji mashigar iska. A bakin teku kamar Legas, gishirin da ke cikin iska kan cinye siraran fikafikan lagireton in ba a shafe su da kariya ba.

Ruwa ya fi iska kwashe zafi, shi ya sa manyan injina ke dogara da shi. Amma nan ake yin kitso da ƙwarƙwata. Ruwan burtsatse, in mai zartsi ne, yakan bar farin ɓawo a cikin bututu, irin wanda ke manne a butar mai shayi, a ƙarƙashinsa kuma tsatsa ke haƙa rami ba a gani ba. Gishirin ruwa ma ba ya ƙyale ƙarfen da ake kira mara tsatsa. In hasumiyar sanyaya ruwa a buɗe take, ruwan na ƙafewa, gishirin na taruwa, ga gansakuka. Wanda zai bi wannan hanya, gara ya yi rufaffen zagaye: tataccen ruwa da maganin tsatsa, suna juyawa ba tare da haɗuwa da iskar waje ba.

Akwai kuskuren da ƙwararru ma kan yi: sanyi fiye da kima. Kwamfuresa mai sukurori da ke aiki da mai, in ba ta ɗau zafi sosai ba, ruwa kan sauka cikin man, ya ɓata shi, boris ya yi tsatsa. Da gangan ake barin man da zafi, sai iskar ta fito a sanyaya ta, a tace ruwan, sannan a bi da ita ta na'urar busarwa, wadda irin mai firji kan kai ta wajen digiri 3. A watan Agusta, in babu magudana mai buɗe kanta, a sa yaron shago ya tsiyaye tankin kullum kafin a tashi aiki.