Yadda Ƙididdiga Take Bin Sawun Zinariya a Cikin Lakar Rafi

Ruwan sama yana zaizayar duwatsu, ya kwashi ɓurɓushinsu ya tara a cikin rafuka. Saboda haka lakar da ta kwanta a ƙasan ƙorama tana ɗauke da ɗan kaso na kowane irin dutse da ruwan ya ratsa. Da wannan ne masu binciken ma'adinai suke dogara: maimakon su haƙa ramuka a ko'ina cikin daji, sai su bi rafuka suna ɗibar laka, musamman a kusa da mahaɗar ƙoramu. A shanya ta, a tankaɗe da rariya mai ƙananan ƙofofi, kimanin milimita 0.18, sannan a kai ɗakin gwaji. A yankunan Anka, Maru da Birnin Gwari, inda zinariya take cikin jijiyoyin farin dutsen ƙanƙara, wannan hanya ta fi haƙa araha nesa ba kusa ba.

Wahalar tana farawa ne bayan sakamako ya fito. Zinariyar da ke cikin dutse na yau da kullum ba ta wuce miligiram 1 zuwa 4 a cikin tan guda ba, kuma ba ta bazu daidai kamar gishiri a miya ba, ƙwaya-ƙwaya take. Alal misali, ƙwaya ɗaya mai faɗin milimita 0.1 nauyinta kusan maikirogiram 10 ne. In ta faɗa cikin giram 30 na lakar da aka auna, lissafi zai nuna fiye da miligiram 300 a tan, wato kusan ninki ɗari na abin da aka saba gani. In kuwa cokali ya kuskure ta, wannan lakar dai za ta nuna babu kome. Shi ya sa tun shekarun 1980 aka ɓullo da dabarar jiƙa laka mai yawa, kilo 2 ko fiye, a cikin ruwan sayanaid, don kada sa'a ta yanke hukunci.

A nan ne ilmin ƙididdiga yake shigowa. Aikinsa na farko shi ne ya raba abin da yake al'adar ƙasar wurin da abin da ya fita daban. Tsohuwar ƙa'ida, wadda Hawkes da Webb suka yaɗa a littafinsu na 1962, ita ce a nemi matsakaicin alƙaluma, a ƙara masa ninki biyu na ma'aunin bazuwarsu, duk abin da ya haura wannan iyaka sai a sa masa ido. Sai dai alƙaluman zinariya karkatattu ne: yawancinsu ƙanana, 'yan kaɗan kuma manya ƙwarai, waɗanda suke jan matsakaici sama har iyakar ta ɓoye wuraren da ake nema. Don haka akan juya su zuwa logaridim tukuna, ko a yi aiki da adadin da ya faɗo tsakiyar jeri, wanda manyan alƙaluma ba sa iya jansa.

Aiki na biyu ya fi armashi. Zinariya ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Arsenik, antimoni, bismut, wani lokaci da dalma, sukan raka ta, kuma aunonsu ya fi tabbas. Kwamfuta takan duba waɗanne sinadarai ne suke hawa da sauka tare, ta kasa su rukuni-rukuni. Ƙoramu uku maƙwabta da suka nuna arsenik da antimoni tare sun fi samfuri guda mai tarin zinariya daraja. Amma akwai tarko. Tsatsar ƙarfe da ta manganis, da ruɓaɓɓen ganye a fadama, suna kama ƙarafa su riƙe, sai wuri ya yi kamar yana da arziki alhali babu. Mai binciken da bai taɓa taka rafin da ƙafarsa ba, shi wannan tarko ya fi kamawa.

Rakiyar dalma kuwa ba maganar riba kaɗai ba ce. A shekarar 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta, Yargalma da Bagega, an riƙa niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurarsa ta kashe yara fiye da 400. Taswirar da ta nuna zinariya da dalma a ƙorama guda tana da amfani ga jami'in lafiya kamar yadda take da shi ga mai haƙa, tun kafin a kai dutsen farko injin niƙa.