MOTSA JIKI DA ABU MAI NAUYI BA YA MAI DA MACE NAMIJI

Yau za mu tattauna a kan wani abu da yawancinmu muke ɗauka na maza ne kaɗai, watau motsa jiki ta hanyar ɗaga abu mai nauyi don ƙarfafa tsoka. Na san da jin haka wata za ta ce, "Wa? Ni in yi ƙwanji kamar ɗan dambe?" To, uwargida, ki saurara ki ji.

Cikin jikin ɗan Adam akwai waɗansu sinadarai da likitoci ke kira homon. Su kamar 'yan aike ne, jini ke ɗaukarsu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Su ke tsara girma, da al'adar wata, da yadda jiki ke sarrafa abinci. Tambayarmu ita ce, idan mace ta daɗe tana wannan motsa jiki, me zai sami waɗannan 'yan aike?

Mu fara da abin da kike tsoro. Sinadarin da ke sa gemu da kaurin murya sunansa testostiron. Mace ma tana da shi, amma abin da ke jinin namiji ya ninka nata fiye da sau 10. Bayan kin ɗaga nauyi, waɗansu sinadarai kan ɗan hau na ɗan lokaci, sa'an nan su koma inda suke. Ko kin shekara kina yi, naki ba zai kama ƙafar na namiji ba. Matan da aka gani muryarsu ta sāke, kamar 'yan wasan Jamus ta Gabas a shekarun 1970 da 1980, ƙwayoyi masu aikin sinadarin maza aka riƙa ba su, da yawa ba tare da saninsu ba. Laifin ƙwaya ne wannan.

Amfani na farko yana wajen insulin, sinadarin da ke buɗe wa sukari ƙofa ya fita daga jini ya shiga tsoka. Tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan kin ci tuwo ko shinkafa. Idan tsoka ta saba aiki, insulin kaɗan ya ishe ta. Idan kuwa ta kwanta ta yi laushi, sai ta daina jin kiransa, jiki ya yi ta ƙara fitar da shi har ya gaza. Ta nan ciwon sukari na manya yake shigowa. In akwai mai wannan ciwo a danginku, ko ke kanki ya taɓa kama ki lokacin da kike da juna biyu, to, maganar nan taki ce.

Amfani na biyu ya shafi ƙashi. Sinadarin mata, estirojin, shi ke tsaron ƙashinmu. Idan al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55, sai ya ragu ƙwarai, ƙashi ya fara zaizayewa a ɓoye. Shi ya sa za ki ga tsohuwa ta zame a bakin rijiya, ƙugu ya karye, ta kwanta ke nan. Ɗaga nauyi ba zai dawo da estirojin ba, kada wani ya ruɗe ki. Amma idan tsoka ta ja ƙashi da ƙarfi, ƙashin yakan ƙara gina kansa.

A shekarar 1994 wata masaniya mai suna Miriam Nelson, ta Jami'ar Tufts a Amurka, ta fitar da sakamakon wani bincike. An ɗauki mata 40 masu shekara 50 zuwa 70, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya suka riƙa ɗaga nauyi sau biyu a mako har shekara guda, ɗaya kashin kuwa suka ci gaba da zamansu yadda suka saba. Da aka auna, ƙashin baya da na ƙugu na masu motsa jiki ya ƙaru da wajen kashi 1 cikin 100, na sauran kuwa ya ragu da wajen kashi 2.

Iyayenmu da kakanninmu ba su san wannan bincike ba, amma ga surfe, ga daka, ga niƙa a dutse, ga jan guga. Yau injin niƙa da famfo sun hutar da da yawa daga cikinmu, mun gode Allah. Sai dai hutun ya zo da zama, zaman kuma ya zo da nasa ciwon.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta bayar a 2020, ta ce kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ba sai kin fita daga gida ba. Ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa hannu ba. Ki dafa bango da hannu biyu ki tura jikinki baya. Ki cika jarka da ruwa ki ɗaga, lita ɗaya kilo ɗaya ne. Kowanne ki yi sau 8 zuwa 12, ki huta, ki sake. Idan ya daina ba ki wuya, ki ƙara nauyin kaɗan. Kada ki riƙe numfashi, kuma ki bar kwana ɗaya tsakani don tsoka ta huta. Sannu ba ta hana zuwa.

Ke kuma 'yar makaranta, ki sani yanzu ne kike tara ƙashin da za ki tsufa da shi, domin kafin shekara 30 ginin ya kusa ƙarewa. Kada ki riƙa fakewa da ciwon kai ranar wasannin motsa jiki. Amma ki kiyayi abu guda. Idan yarinya ta haɗa motsa jiki mai tsanani da ƙin cin abinci don neman rama, estirojin yakan faɗi, al'ada ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni tun da ƙuruciya. In al'adarki ta ɗauke wata 3, ki gaya wa mahaifiyarki ku tafi asibiti. Ki ci wake, da gyaɗa, da ƙwai, da kifi, ki sha nono.

Mai juna biyu, da mai jego, da wadda aka yi wa aiki, da mai hawan jini, su nemi shawarar likita ko ungozomar asibiti kafin su fara.

Uwargida, ki ja kishiyarki ko maƙwabciyarki ku riƙa yi tare da safe kafin rana ta yi zafi, abin ya fi daɗi. Lafiya uwar jiki. Allah Ya ba mu tsufa da ƙafafunmu, amin. Sai mun sake saduwa.