Idan inna ta tsufa

Uwa tana shafe shekaru da yawa cikin hidimar gida. Ita ce daka, ita ce ɗiban ruwa da neman itace, ita ce goyo da jinyar yara. A kwana a tashi, yaran nan sun girma. Ƴan mata sun tafi gidan aure, samari wasu suna gona, wasu sun tafi bida Yamai ko Abijan. Sai gida ya yi shiru.

Ƴaƴa da yawa suna aiko wa uwarsu da hatsi da turmin zane, su ce: "Inna, ki zauna ki huta." Wannan abu ne mai kyau, amma bai isa ba. Macen da ta saba da aiki tun asuba, idan aka zaunar da ita a kan tabarma wuni guda, kaɗaici yana kama ta, jikinta kuma ya yi nauyi. Har takan ɗauka ba a bukatarta. Shi ya sa ɗa mai hankali yake fara tambaya: "Inna, mi kike so ki yi?"

Wata uwar kiwo take so. Sai ƴaƴanta su haɗa kuɗi su saya mata jar akuyar Maraɗi, wadda sau da yawa tagwaye take haifa. Jikoki su yiwo ciyawa, ita kuma ta ba da dusa, ta tatsi nono. Ran da aka yi haihuwa a dangi, da kuɗin akuyarta za ta kai gudummawa, ba sai ta roƙi kowa ba. Wata kuma saƙar faifai ko suyar ƙuliƙuli ta iya, jari kawai ta rasa.

A shekarar 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta taimaka aka kafa asusun mata da ake kira Mata Masu Dubara. Mata suna taruwa sau ɗaya a mako, kowace ta zuba abin da suka shirya cikin akwati. Mai bukata ta ci bashi, ta yi sana'a, ta biya da ɗan ƙari. Idan lokaci ya cika, sai su fasa asusu su raba. Ɗan da ya ba uwarsa kuɗin zubin farko ya ba ta abu biyu: jari da ƙawaye. Ai ranar zubi ranar hira ce da dariya.

Akwai kuma iyaye mata da ba a sa su lakkwal ba, suna kwaɗayin karatu. Ana iya rubuta sunansu a ajin yaƙi da jahilci, ko a kai su islamiyya. Kafin nan, ya kamata likita ya duba idonsu. Sau da yawa tabarau ne kawai tsohuwa take bukata, yanar ido ma ana cire ta a asibiti.

Yaran lakkwal su ma suna da nasu aiki. Jika yana iya riƙe wa kakarsa allo, ya nuna mata baƙaƙen sunanta. Ita kuma da dare ta biya shi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Tambayoyi

1. Don mi zama babu aiki yake damun tsohuwa?
2. Wace sana'a kakarku ta iya? Ku tambaye ta wa ya koya mata.