Kufan Fountains da Lambun Studley Royal: Yadda Kango Ya Zama Abin Ado

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wani kufai da ke kusa da garin Ripon a arewacin Ingila, da yadda aka sarrafa shi har ya zama abin kallo.

A shekarar 1132 ne wasu masu zuhudu na Kirista su 13 suka baro gidan ibadarsu na birnin York bisa saɓani a kan tsananta ibada. Babban limamin York, Thurstan, ya ba su fili a kwarin kogin Skell, wurin da ya sami sunan Fountains saboda maɓuɓɓugan ruwan da ke cikinsa. Ba da jimawa ba suka shiga ɗariƙar Sistasiyan. Mutanen da suka fito gudun duniya sai ga shi cinikin ulun tumaki ya mayar da gidansu ɗaya daga cikin mafiya arziki a ƙasar. Rumbun ajiyarsu, mai tsawon kimanin mita 90, yana nan da rufinsa na dutse.

Akwai wani ɗan ɗaki a gabashin farfajiyar da ya kamata masu nazarin harshe su lura da shi. Ƙa'idar ɗariƙar ita ce yawaita shiru, don haka aka keɓe wannan ɗaki domin maganar da ta zama dole. Sunansa parlour, daga kalmar Faransanci parler, wato yin magana. Wannan kalma ce ta bi ta Ingilishi ta shigo Hausa a matsayin falo.

A 1539 Sarki Henry na Takwas ya rufe gidan, aka kwashe darmar rufin, daga baya kuma aka ɗebi duwatsunsa aka gina wani gida a kusa.

To, sai dai abin da mai ziyara ke gani a yau ba sakacin zamani ba ne kawai. John Aislabie, ministan kuɗi da aka kora daga majalisa a 1721 bayan durƙushewar kamfanin South Sea, ya koma gandunsa na Studley Royal da ke maƙwabtaka, ya duƙufa wajen tsara lambu. Ya tare kogin, ya miƙar da shi kamar an ja zare, ya haƙa tafkuna masu siffar wata. A 1767 ɗansa William ya sayi kufan, ya haɗe shi da lambun. An tsara hanyar ta bi ta cikin itatuwa a kan tudu, ta yadda mai tafiya ba zai hango hasumiyar ba sai kwatsam. A Hausa, kufai wuri ne da aka ƙaurace wa. A nan kuwa kuɗi aka sa aka saye shi domin kangon kansa, kuma da wuya a raba kyawunsa da wannan dabara.

Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 1986. Kogin da aka tare domin ado kuwa yakan yi ambaliya, kamar ta 2007 wadda ta yi wa kufan da lambun ɓarna.