Masu taimakon naƙasassu: wa ke da izini, wa ba shi da shi?

A 'yan kwanakin nan iyalai da dama a Goudji sun tambaye mu game da mutanen da ke zagaya gidaje suna rubuta sunayen guragu da makafi, wai za a kawo kekuna. Ga abin da doka ta tanada.

Tun 2007 Chadi ke da doka mai lamba 007 ta kare naƙasassu, amma sai a 2019 aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita. A shekarar ce kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A 2023 aka yi dokar kafa hukuma ta ƙasa da za ta kula da haƙƙinsu. Dokar mafaka ta Disamba 2020 kuwa ta ba ɗan gudun hijira damar neman magani da karatu da aiki a ƙasar nan, naƙasasshe ne ko mai lafiya.

Wadda ta fi shafar masu zagayen nan ita ce dokar ƙungiyoyi ta Yuni 2018. Ƙungiya ba ta fara aiki sai ta samu izinin gwamnati. Don haka ba rashin kunya ba ne ka ce wa baƙo: "Malam, ina takardarku?" Ni da nake fassara kullum, na lura mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wata baiwar Allah ta ba wani jaka biyar kuɗin keken ɗanta, har da katinta na gudun hijira. Kuɗin dai sun tafi, amma katin ne ya fi wahalar da mu.

Taimakon HCR da abokan aikinta kyauta ne, haka rajista a CNARR. Kada ku ba kowa katinku ya tafi da shi, kada ku dangwala yatsa a takardar Faransanci ko Larabci sai an karanta muku ita. Ƙafar roba da takalmin gyaran ƙafa sai an auna mutum, kamar yadda ake yi a cibiyar Kabalaye nan N'Djamena. Wanda ya ce zai kawo ba awo, ƙafar za ta iya yi wa dungun rauni.

Wanda aka nemi kuɗi a wurinsa, ko aka taɓa mutuncin 'yarsa da sunan taimako, ya zo wurin jami'in kariya. Ana sauraro cikin sirri, da Hausa, kuma ƙorafi ba ya sa a cire sunan kowa daga taimako.